Takardar Sarki da Ginin Haikali

Karatu: Littafin Ezra, sura 4, 5 da 6. Maigida ya tara iyalinsa bayan tuwon dare, a karanta sura ɗaya kowace rana, sa'an nan a bi wannan darasi.



Mu mutanen karkara muna tsoron takarda. Magidanci yakan shiga rijiya mai zurfi ba ya ko ɗar, yakan kwana shi kaɗai a gona yana tsaron albasa, amma idan dogari ya sallama a ƙofar gidansa da takarda mai hatimi, sai ka ga gwiwarsa ta yi sanyi. Ba ya iya karanta Faransanci, bai san wanda ya kai ƙararsa ba, bai san abin da aka faɗa a kansa ba. Aikin kirki da yawa ya tsaya a ƙauyukanmu domin wani ya ce, "An kai maganarku gaba."

Littafin Ezra cike yake da takardun hukuma. Akwai wasiƙun da aka aika wa sarakunan Farisa, akwai kuma amsoshin da suka mayar. Allah ya ga dama a ajiye su cikin Littafi Mai Tsarki domin mu koyi cewa hannunsa ya kai har cikin ɗakin ajiyar takardun sarki. Wanda ya san wannan zai yi aikinsa a fili, ya faɗi gaskiya, ya kuma adana takardunsa.

KOMOWA DAGA BAUTA

Mu tuna, shekarun da ke kafin haihuwar Almasihu ana lissafa su da baya da baya, wato 586 ta riga 539 zuwa.

A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe Urushalima, ya ƙone Haikali, ya kwashe mutanen Yahuza zuwa bauta. A shekara ta 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila. Farisa kuwa ita ce ƙasar da ake kira Iran a yau. Shekara ta zagayo, Sairus ya yi shela, ya kuma sa a rubuce, cewa Yahudawa su koma su gina Haikalin Allahnsu. Ya mayar musu da kayan zinariya da na azurfa guda 5,400 waɗanda aka kwaso daga Haikali. Mutum 42,360 ne suka koma, ban da barorinsu 7,337.

A shekara ta 1879 masu haƙa a kufan Babila suka tono wani dunƙulen yumɓu mai rubutu, wanda yanzu yake ajiye a gidan kayan tarihi na Landan, a Ingila. A kansa Sairus ya ba da labarin yadda ya mai da gumakan al'ummai zuwa ɗakunansu, da mutane zuwa garuruwansu. Bai ambaci Yahudawa a wurin ba, amma ya nuna mana cewa abin da Ezra ya faɗa ya dace da halin wannan sarki.

Da suka isa, Zarubabel da Yeshuwa firist suka fara gina bagade, a shekara ta biyu kuma suka sa harsashin Haikali. Samari suna sowa, tsofaffin da suka ga Haikali na fari suna kuka, har ba a iya rarrabe muryoyin.

AIKI YA TSAYA BA DA UMARNIN SARKI BA

Akwai mutane a ƙasar waɗanda sarakunan Assuriya suka kawo kakanninsu daga wasu wurare suka zaunar da su a Samariya. Littafin Sarakuna na Biyu sura 17 ya nuna cewa suna yi wa Ubangiji sujada, suna kuma bauta wa gumakansu. Suka zo wurin Zarubabel suka nemi a yi ginin tare da su. Shugabannin suka ƙi, suka ce Sairus su ya umarta.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce Kirista ba ya karɓar taimakon maƙwabci. Mutanen nan sun karɓi kyautai daga maƙwabtansu a Babila, sun kuma yi ciniki da mutanen Taya da Sidon domin katakon al'ul, suna biyansu da abinci da mai. Abin da suka ƙi shi ne a raba bagaden Allah da gumaka, gama wannan ne zunubin da ya kai iyayensu bauta.

Daga ranar nan maƙwabtan suka juya. Suka riƙa karya musu zuciya, suna ba su tsoro, suka kuma ba wasu ma'aikatan gwamnati toshi domin su ɓata musu shiri. Aiki ya tsaya wajen shekara 16, har zuwa shekara ta biyu ta mulkin Dariyus, wato 520.

A nan mu lura ƙwarai. A cikin dukan waɗannan shekaru ba a nuna mana ko takarda ɗaya ta sarki da ta hana ginin Haikali ba. Iznin Sairus yana nan daram, ba wanda ya soke shi. Tsoro da jita-jita kaɗai suka tsai da su. Yaron da aka haifa a shekarar da aka sa harsashi ya isa riƙon garma, harsashin kuwa yana nan kwance cikin ciyawa.

WASIƘAR SHARRI

Mai karatu yakan ruɗe a Ezra 4:6-23, gama marubucin ya tsallaka gaba domin ya tara labarin hamayya wuri ɗaya. Ya ambaci ƙarar da aka rubuta a zamanin Ahasurus, wanda ya yi sarauta daga 486 zuwa 465, da wasiƙar da aka aika wa Artashate, wanda ya hau gadon sarauta a 465. Wannan ta ƙarshe a kan garun birni take, bayan an daɗe da gama Haikali. A aya ta 24 sai ya komo da mu zamanin Dariyus.

Daga Ezra 4:8 zuwa 6:18 an rubuta da harshen Aramiya, maimakon Ibrananci. Aramiya ita ce harshen ofis a mulkin Farisa, kamar yadda takardun hukuma suke zuwa mana da Faransanci. Mulkin yana da faɗi, daga Indiya har ƙasar Kush. Sarki ba ya iya ganin kome da idonsa, sai abin da aka rubuta masa. Manzanni a kan dawaki suna karɓar wasiƙa daga zango zuwa zango. Saboda haka mai alƙalami yana da iko babba, ya gyara ko ya ɓata.

Rehum shugaba da Shimshai magatakarda su suka rubuta wa Artashate. Mu dubi dabararsu. Da fari suka ɓata sunan Urushalima, suka kira ta birnin tawaye da mugunta. Sa'an nan suka taɓa aljihun sarki, suka ce idan aka gama garun ba za a ƙara biyan haraji ko kuɗin fito ba. Suka kuma yi fadanci, suka ce su masu cin gishirin fada ne, ba za su iya zuba ido a wulakanta sarki ba. A ƙarshe suka roƙi sarki ya duba littattafan kakanninsa.

Ƙarya mafi haɗari ita ce wadda aka cuɗa da gaskiya. Da aka bincika, aka tarar lalle Urushalima ta taɓa yi wa sarakuna tawaye, gama Yehoyakim da Zedekiya sun tayar wa Nebukadnezzar. Amma wannan laifin kakanni ne na shekara fiye da 100 da suka wuce. Rehum ya ɗauko tsohon laifi ya ɗora a kan mutanen da ba su yi kome ba. Sarki ya ba da umarni a tsai da aikin sai ya sake magana. Rehum da mutanensa suka gaggauta zuwa Urushalima suka hana ginin da ƙarfin tsiya.

Yahudawa ba su ɗauki takobi ba. Umarnin sarki ne, suka dakata. Amma sarkin ya bar ƙofa a buɗe da ya ce sai ya sake magana. A shekara ta 445, wannan Artashate ɗin ne ya ba Nehemiya izni da wasiƙu zuwa ga gwamnoni, da wata zuwa ga Asaf mai tsaron kurmin sarki domin katako. Sanballat ya aiko wa Nehemiya da buɗaɗɗiyar wasiƙa domin kowa ya karanta a hanya, yana cewa Nehemiya yana so ya naɗa kansa sarki. Nehemiya ya amsa a taƙaice cewa zancen ƙage ne, ya yi addu'a, ya ci gaba. Aka gama garun cikin kwana 52.

MURYAR ANNABAWA

Mu koma shekara ta 520 da Haikalin da aka bari. Allah ya ta da annabi Haggai da annabi Zakariya. Haggai bai tsaya zagin maƙiya ba, jama'ar Allah ya fuskanta. Suna cewa lokaci bai yi ba tukuna, alhali kowa ya gyara gidansa ya yi masa ado. Ya nuna musu gonakinsu: sun shuka da yawa sun girbe kaɗan, ma'aikaci kuma kamar mai zuba kuɗi a aljihu mai huji. Ya ce su hau tudu su kawo katako su yi gini.

Ya yi wannan magana a rana ta 1 ga wata na 6. A rana ta 24 ga watan suka kama aiki. Abin da tsoro ya kwantar shekara 16, maganar Allah ta tashe shi cikin mako uku da 'yan kwanaki. Ba su jira sabon izni ba, gama tsohon bai mutu ba.

WASIƘAR BINCIKE

Ba a daɗe ba sai ga Tattenai, gwamnan lardin Yammacin Kogin Yufiretis, tare da Shetar-bozenai. Ya yi tambaya biyu: wa ya ba ku izni, kuma mene ne sunayen masu ginin? An sami sunan wannan gwamna a wani allon yumɓu na Babila da aka rubuta a shekara ta 502, shekara ta 20 ta Dariyus.

Tattenai ba irin Rehum ba ne. Aikinsa yake yi. Dariyus ya hau sarauta a 522 cikin tawaye ta ko'ina, to, tilas gwamna ya tambaya idan ya ga ana jera manyan duwatsu. Wasiƙarsa ba ta da zagi ko ƙari. Ya rubuta abin da ya gani da abin da aka faɗa masa, ya kuma bar aikin yana tafiya har amsa ta zo. Ezra 5:5 ya gaya mana dalili: Allah yana lura da dattawan nan.

Amsar dattawan abin koyi ce. Suka ce su bayin Allah ne mai sama da ƙasa. Ba su ɓoye abin kunya ba, suka ce kakanninsu ne suka tsokani Allah, shi ya sa ya bashe su a hannun Nebukadnezzar. Sa'an nan suka kawo hujja dalla-dalla: sunan sarkin da ya ba da izni, shekarar da ya bayar, kayan da ya mayar, da sunan Sheshbazzar wanda aka danƙa wa kayan. Bayan shekara 18 ba su manta da ko ɗaya ba. Wannan ya sa Tattenai ya san abin da zai roƙa a nema.

TAKARDAR DA TA KWANA A EKBATANA

Dariyus ya sa a bincika ɗakin ajiya a Babila, amma ba a can aka sami takardar ba. An same ta a Ekbatana, a ƙasar Mediya, birnin da ke kan tuddai inda sarakunan Farisa sukan je gudun zafi. Yau sunansa Hamadan. Ku yi tunani: naɗaɗɗiyar takarda guda, a wani birni mai nisa, shekara 18 gara ba ta ci ta ba, wuta ba ta taɓa ta ba. Sairus ya mutu tun 530. Ma'aikacin da aka aika kuwa bai gaji a Babila ya ce babu ba. Wa ya tsare takardar? Wa ya ƙarfafa ƙafar mai neman?

A cikinta an rubuta girman Haikalin, tsayi kamu 60, faɗi kamu 60, jeri 3 na manyan duwatsu da jeri 1 na katako, a biya kuma daga baitulmalin sarki. Dariyus ya ƙara a kai. Ya ce wa Tattenai ya janye ya bar su. Ya ce a biya kuɗin aikin daga harajin lardin ba tare da jinkiri ba, a kuma riƙa ba firistoci bijimai, da raguna, da alkama, da gishiri, da mai kowace rana, domin su yi hadaya su yi addu'a saboda ran sarki da 'ya'yansa. Wanda ya karya umarnin, a zare gungume daga gidansa a tsire shi a kai.

Tattenai ya cika umarnin da himma. Aka gama Haikali a rana ta 3 ga watan Adar na Yahudawa, a shekara ta 6 ta Dariyus, wajen 515. Suka keɓe shi da bijimai 100, raguna 200, 'yan raguna 400, da bunsurai 12 domin zunubin kabilan Isra'ila, sa'an nan suka yi Idin Ƙetarewa da murna. Da ba a yi binciken ba, da ba su sami taimakon baitulmali ba. Tambayar da suka ji tsoro ita ta zama ƙofar alheri.

A ƘASARMU

Mu ma mun san komowa da sake gini. Bayan farin 1973 da na 1984, mutane da yawa sun bar Adar, wasu kuma suka komo suka tarar da fako. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin tare iska. A 1984 aka fara babban aikin raya ƙasa na Keita da taimakon ƙasar Italiya, inda iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a ka suna jerawa domin tare ruwa. Kowa ya ga abin da ya biyo baya a wurare da yawa. Sa'ad da fili yake fako ba mai kula da shi. Ranar da ya fara ba da hatsi, sai masu shi su fito, kowa yana cewa na kakansa ne. Haka aka yi da Urushalima. Muddin tana kango ba wanda ya ɓata tawada a kanta.

Mun kuma san ƙuna. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da kashegari a Yamai, aka ƙone majami'u masu yawa, fiye da 40 a Yamai kaɗai, mutum 10 kuma suka rasa rayukansu. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya la'anci abin. Akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. 'Yan'uwanmu suka yi sujada cikin toka, suka furta gafara a fili, ba su rama ba, suka sake gini da taimakon masu bi na gida da na waje.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. A wani ƙaramin ƙauye, masu bi gida 7 suna sujada a rumfar kara. Suka yi shawara su gina ɗaki, aka sa ni cikin dattawan da za su duba aikin. Mun buga tubali, mun sa harsashi, sai 'ya'yan wani gida suka kai ƙara wurin sarki cewa filin gadonsu ne. Aka ce mu dakata. Mai garin da ya ba da filin ya rasu, mai bisharar da ya karɓa shi ma ya rasu.

Ina faɗa muku da kunya, damina biyu muka yi ba mu taka ƙofar sarki ba. Ba wanda ya hana mu zuwa, tsoro ne kawai. Tubalinmu ya narke a ruwa. Ni kaina a shekarar na rufe ɗakina da kwano. Wasu samari suka ce mu yi ginin da dare, gari ya waye a tarar da shi. Wani kuma ya ce mu haɗa kuɗi mu kai wa wani bafada a ɓoye. Allah ya tsare mu daga duka biyu.

Wata Lahadi ana karanta Ezra sura 6, sai matar marigayi mai bishara, tsohuwa da ba ta gani sosai, ta jawo hannun rigata. Ta ce, "Ɗana, Malam yana da wani akwatin ƙarfe, tun da ya rasu ban buɗe ba." Na ce, "Inna, ki yarda mu duba?" Ta ce, "Ku duba, ni ban iya karatu ba." A ƙarƙashin tsofaffin littattafan waƙa muka sami takarda naɗe cikin tsumma, rubutun ajami, da dangwalen yatsa 3. Limamin garin na wancan zamani ne ya rubuta ta.

Muka kai wa sarki. Ya kira ɗan limamin, wanda ya gāji mahaifinsa. Malamin ya duba, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan hannun mahaifina ne, ba zan ɓoye ba." Ya karanta iyakar filin a gaban kowa, daga tsamiya zuwa bakin hanyar rijiya. Da aka je aka auna, sai ga shi harsashinmu ya shiga filin masu ƙara da taki 4 ta gabas. Ashe suna da tasu gaskiyar. Muka farfasa wannan gefen da hannunmu, muka roƙi gafararsu a gaban jama'a. Ɗakin ya fi wanda muka shirya ƙanƙanta, amma ran da za a ɗora azara, biyu daga cikin waɗanda suka kai mu ƙara sun zo sun kama mana.

ABIN DA ZA MU YI

1. Kada mu bar aikin Allah saboda jita-jita. Idan an ce an hana, mu tambaya: wa ya hana, ina takardar? Dattawa biyu ko uku su tafi da ladabi su ji daga bakin hukuma.

2. Mu rarrabe Rehum da Tattenai. Mai gari ko ma'aikacin da ya tambaye mu izni ba maƙiyi ba ne. Mu shimfiɗa masa tabarma, mu ba shi ruwa, mu amsa masa. Kada mu kira maƙwabcinmu maƙiyin Allah don kawai ya yi mana gardamar iyaka.

3. Mu faɗi gaskiya duka, har da wadda ba ta yi mana daɗi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Toshi makamin maƙiyan Zarubabel ne, bai dace da hannun mai bi ba.

4. Mu rubuta, mu adana. Tun 1993 ƙasarmu tana da dokar filayen karkara, akwai kuma kwamitocin filaye da ake kira kofo. Filin majami'a, gonar saye, gonar kyauta ko ta aro ko ta jingina, a yi musu takarda a gaban mai gari da shaidu tun masu maganar suna da rai. A sa ta a leda cikin akwatin ƙarfe saboda gara da ruwa, a ajiye kwafi a wani gida dabam. Maigida ya nuna wa matarsa da 'ya'yansa inda take, domin kada gwauruwa da marayu su rasa gona ranar da ba ya nan.

5. Mu sa yaranmu, maza da mata, su koyi karatu, domin gidan da ke da mai karatu ba a firgita shi da takarda.

6. Idan hukuma ta ce mu dakata da gini, mu dakata, mu bi ta hanya kamar Nehemiya. Sujada ba ta tsayawa, gama mutanen Zarubabel sun yi hadaya a kan bagade tun ba Haikali. Gindin itace ma ya ishe mu kafin Allah ya buɗe ƙofa.

7. Mu yi addu'a domin masu mulki, daga mai gari har shugaban ƙasa. Dariyus bai san Ubangiji ba, duk da haka ya nemi addu'ar mutanensa. Manzo Bulus ya umarce mu da wannan a 1 Timoti 2:1-2.

WATA TAKARDA

Ya mai karatu, akwai wani mai kai ƙara wanda ya fi Rehum iya sharri. A wannan shekara ta biyu ta mulkin Dariyus, annabi Zakariya ya ga wahayi: Yeshuwa babban firist yana tsaye da ƙazaman tufafi, Shaiɗan yana gefensa yana ƙararsa. Ubangiji ya tsauta wa Shaiɗan, ya sa aka tuɓe wa firist ƙazaman tufafin aka sa masa masu tsabta. Karanta Zakariya sura 3.

Ƙarar da ake kai mu gaban Allah gaskiya ce, gama mun yi zunubi, kuma ba mu da tsohuwar takardar da za ta wanke mu. Amma Kolosiyawa 2:14 ta koya mana cewa takardar bashin da ke kanmu, Allah ya soke ta a kan gicciyen Yesu. Wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi, an rubuta sunansa a littafin rai, inda gara ba ta kaiwa. Ko sunanka yana ciki? Idan ba ka tabbata ba, kada ka kwana biyu kana jinkiri. Je wurin fasto ko dattijon ikkilisiya mafi kusa da kai ku yi magana.

TAMBAYOYI DOMIN IYALI

1. Me ya tsai da ginin Haikali wajen shekara 16?
2. Wace gaskiya Rehum ya cuɗa da ƙaryarsa?
3. Ta yaya wasiƙar Tattenai ta bambanta da ta Rehum?
4. Wane abin kunya dattawan suka yarda da shi a gaban gwamna?
5. Wane aikin Allah ne muka bari a gidanmu ko a ikkilisiyarmu saboda tsoro?
6. Gonakinmu da filin majami'armu suna da takarda? Wa ya san inda take?

Ayar haddacewa: Karin Magana 21:1.

ADDU'A

Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka motsa zuciyar Sairus, ka tsare takardarsa har ranar da bayinka suka bukace ta. Ka gafarta mana gama mun ji tsoron mutane mun bar aikinka. Ka ba mu bakin gaskiya a gaban sarakuna da zuciya mai tsabta ga maƙwabtanmu. Ka sa wa mai garinmu da sarkinmu da shugabannin ƙasarmu albarka, ka ba su hikima su yi shari'ar adalci. Ka ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.